Biyan Kwangilar Gini Kashi-Kashi: Aikin Manhaja da Aikin Tef

Idan foman ya ce an gama kashi 70 cikin ɗari na ɗora bulo, tambayar da ta kamata a yi masa ita ce, mita nawa? Duk lissafin biyan kwangilar gini kashi-kashi a kan wannan tambaya ya rataya, ko ajujuwan makaranta ake ginawa a Batagarawa, ko ɗakin kwanan ɗalibai a Daura, ko jerin shaguna a Ƙofar Ƙaura. Ofisoshin 'yan kwangila da na injiniyoyi sun rungumi manhajar tsara aiki. Wani Microsoft Project yake amfani da ita, manyan kamfanoni sun fi son Primavera P6, wani ya yi rajistar Procore ko Odoo, da yawa kuma Excel ce dai gatansu. Dukansu suna da amfani, kuma ina goyon bayan a yi aiki da su. Sai dai babu guda a cikinsu da ke riƙe tef. Abin da aka zuba mata shi take tarawa ta fito da shi a takarda mai kyan gani, kyan takardar kuma ke sa mutane sa hannu ba su duba ba.

Ga yadda abin ke kasancewa. A takardar ƙididdigar aiki, wadda ma'aikata ke kira bil, an rubuta bangon bulo mai inci 9, murabba'in mita 1,850, kowace mita a kan naira 14,000, jimilla naira 25,900,000. Farashin nan misali ne, kowa ya sa nasa. Foman ya ja baya ya ƙare wa ginin kallo, ya ce kashi 70. Aka shigar, manhaja ta fitar da naira 18,130,000. Ranar awo sai mai ƙididdigar gini na ɓangaren mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, ya zo da tef da littafi, yaro ya riƙe masa bakin tef ɗin, suka bi bango ɗaya bayan ɗaya, tsawo sau tsayi, suna cire gurbin ƙofofi da tagogi.

"Injiniya, ai ka ga mun kai linta ko'ina," in ji foman.

"Na gani, Malam. Amma bangon tsakiya na ɓangaren gabas bai wuce layi huɗu ba, na saman linta kuma ba a taɓa shi ba."

Awo ya ba da mita 1,080, wato kashi 58 da ɗoriya, naira 15,120,000. Tsakanin ido da tef akwai naira 3,010,000, a layi ɗaya tak na bil mai ɗaruruwan layuka. Ba lallai foman ƙarya ya yi ba, ido ne ke ganin bangon waje da ya tashi ya manta da na ciki. Akwai ma hanya mai sauƙi ta gwada awon. Bulo mai tsawon milimita 450 da tsayin 225, kusan guda 10 ke cika murabba'in mita, don haka mita 1,080 na nufin bulo wajen 10,800, a ƙara 'yan waɗanda suka fashe. Idan littafin sito ya nuna bulo 11,300 kaɗai suka shigo wurin tun fara aiki, ba ta yadda za a ce an ɗora mita 1,295.

Saboda haka a duk layin da ake iya aunawa, adadi ake shigarwa, mita ko tan ko guda, manhaja ta fitar da kason da kanta. A rufe gurbin kashi cikin ɗari yadda ba wanda zai iya rubutu a ciki da hannu. Kaso sai a layukan da aka yi wa kuɗi dunƙule, kamar wayarin ko aikin famfo, su ma a karkasa su tun farko: binne bututu a bango kashi kaza, zura waya kashi kaza, ɗaura soket da fitilu kashi kaza, gwaji kashi kaza, a sa hannu a kan rabon kafin ma'aikaci ya fasa bango.

Jadawalin kwanaki daban, bil daban

Kuskuren da ya fi kama masu Microsoft Project da Primavera shi ne ɗaukar kason da ke jadawalin kwanaki su mai da shi kason biya. Kowace daga cikin manhajojin biyu tana da ma'auni uku na ci gaban aiki: na kwanakin da aka cinye, na yawan aikin hannu da aka zuba, da na abin da ya tsaya a ƙasa ana gani. Idan ba a taɓa saitin ba, na kwanaki ne ke gaba. Aikin da aka ba kwana 20, aka sabunta shi bisa jadawali a rana ta 14, zai nuna kashi 70 ko da kuwa mako guda magina suka yi a gindin bishiya suna jiran tifar yashi. Ma'auni na uku ne kaɗai ya dace da kuɗi, shi ma daga awo za a cika shi.

Tun ran gini ran zane. Kafin satifiket na farko, wato takardar amincewa da biyan aikin da aka auna, a zauna a shigar da bil ɗin da aka sa wa hannu layi-layi, kowane layi da lambarsa, sannan a duba jimillar da manhaja ta bayar da wadda ke takardar ba da kwangila, sai sun yi daidai har kwabo. Idan ba su yi ba, a nemo dalili a ranar. Sau da yawa ko dai ɗaya ya haɗa da VAT ɗaya bai haɗa ba, ko kuma an yi ragi a ƙarshen ciniki ba a raba shi a kan layuka ba. Kuɗin ko-ta-kwana da kuɗin da aka ware na wucin gadi don aikin da ba a gama tantancewa ba a ajiye su a rukuni na daban, domin ba na ɗan kwangila ba ne sai an ba shi umarni a rubuce. Daga nan a kulle bil ɗin.

Layi ɗaya na bil yakan rabu a ayyuka da yawa na jadawali. Kankaren filoli layi ɗaya ne a bil, amma a jadawali akwai na ƙasa, akwai na bene na ɗaya, akwai na biyu. A raba adadin a kansu, a yi wani gurbi da ke cire jimillar rabon daga ainihin adadin bil. Duk ranar da gurbin ya nuna wani abu ba sifiri ba, an taɓa wani wuri.

Lissafin na tarawa ne

Nan ne zuciyar maganar. Satifiket ɗin biya ba ya tambayar abin da aka yi a wannan watan. Yana tambayar darajar duk abin da aka yi daga ranar farko zuwa ranar awo, ya cire abin da ya kamata a cire, ya cire abin da satifiket ɗin baya suka amince, saura shi ne biyan yau. Amfanin haka babba ne: idan an yi kuskure a wata na biyu, awon wata na uku zai gyara shi da kansa. Wanda ya saita manhajarsa tana lissafin wata-wata daban-daban, kuskurensa na nan daram har ranar rufe asusu.

Mu ɗauki kwangilar naira 120,000,000, ban da VAT. An ba da kafin alƙalami kashi 15, wato 18,000,000. Kuɗin riƙo, wato abin da mai aiki ke riƙewa har a kammala aiki a gyara aibi, kashi 5 ne a kan aiki da canje-canje. Ga satifiket na uku:

Aikin da aka auna zuwa yau, 46,800,000
Canjin aiki da aka amince, 2,400,000
Kayan da ke sito, kashi 80 na 5,000,000, wato 4,000,000
Jimilla, 53,200,000
A cire kuɗin riƙo, kashi 5 na 49,200,000, wato 2,460,000
A cire maido da kafin alƙalami, kashi 15 na 46,800,000, wato 7,020,000
Saura, 43,720,000
A cire abin da satifiket na ɗaya da na biyu suka amince, 27,500,000
Biyan wannan satifiket, 16,220,000

Sai a zo kan haraji. VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, wato a nan naira 1,216,500. Idan ma'aikatar gwamnati ce mai aikin, ita ke riƙe VAT ɗin ta miƙa wa hukumar haraji, ba ya shiga asusun ɗan kwangila. Sai harajin da ake cirewa tun daga tushe, wanda ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025 suka sa kashi 2 ga kamfanin gida a aikin gine-gine da hanyoyi da gadoji, bayan a da yana kashi 2.5. A nan naira 324,400 ke nan, alat ɗin da zai shigo waya kuma 15,895,600. Adadin haraji yana canzawa, don haka kada a binne shi cikin lissafin kowane layi. A ba shi gurbi ɗaya a shafin saiti, tare da ranar da ya fara aiki.

A kula da layin nan na 27,500,000, don a nan akantoci da yawa ke tuntuɓe. Abin da satifiket ya amince ake sawa, ba abin da banki ya nuna ba. Kuɗin da ya shigo asusu daga satifiket biyun farko 26,950,000 ne, saboda an cire harajin 550,000. Idan aka sa wannan adadin, manhaja za ta sake neman 550,000 ɗin a matsayin bashin aiki, odita kuma zai gano, daga ranar kuwa duk takardar da ta fito daga ofishinka da ido biyu za a karanta ta. Haka idan har yau ba a biya satifiket na biyu ba, a cire shi dai yadda aka amince, a bi bashinsa daban. Shi ya sa kowane satifiket ke bukatar gurbi huɗu: abin da ɗan kwangila ya nema, abin da aka amince, abin da aka rubuta wa takardar neman biya, da abin da ya shigo. Manhajar da ke da gurbi ɗaya ga duka huɗun ba ta isa wannan aiki ba.

Kafin alƙalami bashi ne

Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ta ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15, dokar kuɗi ta 2020 kuma ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida. Aikin jiha yana bin dokar jiha, na ɗan kasuwa kuma abin da aka rubuta a yarjejeniya. Ko nawa ne, bashi ne da ake maidowa, kuma a shigar da shi a manhaja a matsayin bashi, kada a sa shi a jerin satifiket a kira shi na ɗaya.

Cire kashi 15 daga kowane awo, kamar yadda misalinmu ya yi, yana da rami. Idan mai aiki ya rage aikin daga miliyan 120 zuwa miliyan 100, abin da za a maido 15,000,000 ne kacal, saura miliyan 3 a hannun ɗan kwangila, ga aiki ya ƙare. Abin da ya fi tsaro shi ne a rubuta cewa za a gama maidowa kafin aiki ya kai kashi 80. Sai a raba 18,000,000 da 96,000,000, a riƙa cire kashi 18.75. Kundin FIDIC mai jan bango na 1999, wato samfurin yarjejeniyar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, ya bi wata hanyar: idan ba a rubuta wani abu daban ba, ba a fara cirewa sai biya ya haura kashi 10 na kwangila, sannan a riƙa cire kashi 25 na kowane satifiket. Ko wacce aka zaɓa, a sa wa manhaja iyaka ta daina cirewa da zarar jimilla ta kai 18,000,000, domin an sha ganin takardar Excel na ci gaba da cirewa bayan bashi ya ƙare. A kuma shigar da ranar ƙarewar takardar lamunin banki da ta tsaya wa kafin alƙalamin, manhaja ta yi tuni wata guda kafin nan. Sannan a rubuta ko an cire haraji ranar da aka ba da kafin alƙalamin ko ba a cire ba. Idan an cire, kada a sake cire shi a kan kason da ake maidowa.

Kayan sito

Ga inda biya biyu ke shigowa ba sallama. A wata na biyu an kawo rodi mai milimita 12 tan 10, an biya kashi 80 na kuɗinsa a matsayin kayan sito. A wata na uku an ɗaure shi an zuba dakin, wato rufin kankare, ya shiga awon aiki. Dole ya fita daga layin sito a wannan satifiket ɗin. Layin sito shi kaɗai ne ke hawa ya sauka, kuma a ƙarshen aiki sifiri zai zama. Manhajar da ke ɗauko adadin watan baya ta zuba a sabon wata ita ce mai haɗari a nan. A saita ta ta share layin duk wata, a sake ƙirga abin da ke ƙasa.

Ƙirgar ba wuya. Rodi mai milimita 12 nauyinsa kilo 0.888 ne a kowace mita, sanda mai mita 12 ta kai kilo 10.66, wato kusan sanda 94 a tan. Mai milimita 16 kilo 1.58 ne a mita. A ƙirga sanduna, a auna kaurin da ma'auni, don akwai rodin da sunansa 12 amma bai cika ba. Siminti a buɗe ƙofar sito a ƙirga buhu, a duba yana kan katako ne ko a kan daɓe. Buhun da ya kwana a ƙasa cikin ruwan Agusta ya yi ƙulalai ba abin biya ba ne, haka wanda aka jibge don aikin da sai bayan wata huɗu za a kai gare shi, domin siminti na rage ƙarfi idan ya daɗe. Yashi da tsakuwa a bar su sai sun shiga aiki, auna tsibi jayayya kawai yake jawowa.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: kayan na waye? Idan dila ne ya ba da rodin bashi, kuma bai karɓi kuɗinsa ba, ranar da suka saɓa da ɗan kwangila zai turo mota ya kwashe abinsa, mai aiki kuma ya riga ya biya. A liƙa rasit da hoton kaya a layin, manhaja ta ƙi karɓar adadi idan babu su.

"Alhaji ya ce a ƙara"

Mai gini ya zo zagaye da la'asar, ya tsaya a falo ya ce a matsar da wancan bangon, a canza tayil zuwa mai tsada, a ƙara banɗaki a ɗakin baƙi. Foman ya ce an gama, ranka ya daɗe. Bayan wata biyar aka kawo lissafin, Alhaji ya ce shi bai san zai kai haka ba. Da gaskiyarsa, ba wanda ya faɗa masa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar nan kuwa umarnin baka ce.

A manhaja, kowane canji ya samu lambarsa da matakinsa: an ba da umarni, an sa farashi, an amince. Wanda ya kai mataki na uku ne kawai ke gangarowa cikin satifiket. Umarnin baka a rubuta shi a ranar, a tura wa mai aiki ko injiniyansa ya tabbatar, a liƙa amsar. Kada a taɓa komawa ainihin layin bil a canza adadinsa ko farashinsa. Idan tayil ya canza, a cire tsohon a matsayin ragi, a shigar da sabon a matsayin ƙari, duka a ƙarƙashin lambar canjin, yadda duk wanda ya buɗe zai ga daga ina aka taso. A ƙarƙashin FIDIC na 1999, ɗan kwangilar da ke neman ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci kwana 28 gare shi ya ba da sanarwa daga ranar da ya san abin, in ya wuce ya rasa haƙƙinsa. Wannan agogon ya cancanci gurbinsa a manhaja.

Hauhawar farashi kuwa ba canjin aiki ba ce, kada a cakuɗa su. Duk wanda ke riƙe da kwangila lokacin da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, ya san abin da siminti da rodi da kuɗin mota suka yi a watannin da suka biyo. Amma ƙarin kuɗi sai idan yarjejeniya ta tanade shi. Idan ta tanada, a shigar da jerin farashin asali na ranar da aka amince tun a farkon aiki. Buhu 600 da farashin asalinsa 5,000 aka saye shi 9,500, bambancin 2,700,000 ne, da sharaɗin rasit mai kwanan wata da shaidar cewa buhunan sun shiga wannan ginin. Gwajin nan ma mai sauƙi ne: kankaren 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) na cin kusan buhu 6 a kubik mita ɗaya, sai a duba ko kankaren da aka auna zai iya cinye buhunan da ake nema.

Aikin da ƙasa ke rufewa a auna shi kafin a rufe. Zurfin ramin fandisho, kankaren ƙasansa, rodin da ke cikin dakin, bututun da ke ƙarƙashin daɓe, duk da zarar an zuba ciko ko kankare sai dai a yi ta musu. A bil adadin fandisho yawanci na wucin gadi ne, don ba wanda ya san inda za a tarar da ƙasa mai ƙarfi, wani wurin rairayi ne mai zurfi, wani wurin taƙi kaɗan a ci karo da marmara. Hoto da tef a tsaye cikin ramin, da sa hannun ɓangarorin biyu a ranar, a ɗora a layin. Kankaren da aka zuba ana gobe awo kuma, sakamakon gwajinsa na kwana 28 bai fito ba. Ana iya biya a yi masa alama, idan ya faɗi gwaji satifiket na gaba ya cire shi.

Kuɗin share fage da tafiyar da wurin aiki, irin su shinge da ofishin wucin gadi da mai gadi da ruwa da janareta, a raba shi biyu: wanda ake kashewa sau ɗaya da wanda ke tafiya da lokaci. Idan na lokaci miliyan 6 ne a wata 10, manhaja mai biyan 600,000 duk wata za ta ƙarar da shi a wata na goma ko da aiki na kashi 55. Idan jinkirin daga ɗan kwangila ne, a ɗaure shi da kason aikin da aka auna.

Kwanaki da makulli

A tsayar da ranar awo guda a wata, a ce 25, kowa ya san ta, har masu tayil da kafintoci da masu wayarin da ɗan kwangila ya ba aiki, domin awonsu ya yi daidai da nasa. Kowane satifiket a rubuta masa ranar miƙawa, ranar amincewa, ranar da biya ya wajaba, da ranar da kuɗi suka shigo. FIDIC na 1999 ya ba injiniya kwana 28 ya fitar da satifiket, mai aiki kuma ya biya cikin kwana 56 daga ranar da injiniya ya karɓi takardun. Dokar tarayya ta 2007 ta ce biyan da ya wuce kwana 60 jinkirtacce ne, ana bin kuɗin jinkiri a kansa bisa abin da yarjejeniya ta tanada. Wanda ba shi da takardar shaidar ranar miƙawa mai hatimin karɓa ba shi da inda zai fara ƙirga. A lura kuma, bulon da aka ɗora ranar 1 ga wata kan kai kusan wata uku kafin kuɗinsa ya dawo, alhali lebura kullum yamma yake karɓar nasa. Jadawalin shige da ficen kuɗi a gina shi a kan ranar shigowar kuɗi, ba ranar awo ba.

Wasu daga cikin manhajojin nan don kasuwar Amurka aka ƙera su, takardar biyansu kan bi fasalin fom G702 da G703 na can, kuma sukan sa wata kafin rana. 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu, kwana 30 ke nan a lissafin jinkiri. A gyara wannan a ranar farko, tare da alamar naira.

Da zarar an sa hannu a satifiket, a kulle watan. Gyara sai a na gaba. Mai shigar da awo daban, mai amincewa daban, kowa da lambar sirrinsa, kada ofis gaba ɗaya su riƙa shiga da suna ɗaya. Masu Excel su kiyayi abu uku: layin da aka ƙara a ƙasa wanda jimilla ba ta ɗauka ba, adadin da aka kwafo daga wani wuri ya zama rubutu ba lamba ba, da layukan da aka ɓoye. A wurin aikin da intanet ba ta da ƙarfi, littafin awo na takarda mai sa hannu biyu shi ne asali, a ɗauki hotonsa a ɗora idan an dawo gari. Kwafin da aka buga aka sa wa hannu a ajiye shi a fayil, ko da manhaja na da nata.

Kuɗin riƙo

Kashi 5 na miliyan 120 miliyan 6 ne, sau da yawa kusan ribar aikin ke nan, amma shi ne kuɗin da aka fi mantawa da shi, saboda lokacin da ya nuna an riga an kwashe kaya an koma wani wurin. A al'ada rabi ake saki ranar da aka ba da takardar kammala aiki, rabi bayan wa'adin gyaran aibi, wata 6 ko 12 bisa yarjejeniya. Kada a rufe aikin a manhaja ranar miƙa makulli. A bar shi a buɗe da ranakun biyu da jerin gyare-gyaren da suka rage, kowane da hotonsa kafin gyara da bayansa. Idan yarjejeniya ta ce a cire kashi 10 har jimilla ta kai kashi 5 na kwangila, a sa wannan iyakar, in ba haka ba manhaja za ta ci gaba da riƙewa. Takardun shaidar harajin da aka cire ma a bi su satifiket-satifiket, domin da su ake rage harajin kamfani a ƙarshen shekara, kuma nemansu bayan shekara biyu wahala ce.

Ga masu gini a Katsina da Daura akwai abin dubawa a wa'adin nan. Ginin da aka miƙa a watan Nuwamba da wa'adin wata 6, wa'adinsa zai ƙare a Mayu, kafin damina ta kankama. Rufin bai ga ruwan kirki ba, dakin bai ga ruwa ba, magudanar harabar ba ta ɗauki ruwa ba, ga shi an saki ragowar kuɗin riƙo. Yoyon zai bayyana a Yuli ko Agusta, lokacin da babu ko kwabo a hannun mai gini. A rubuta tun a yarjejeniya cewa wa'adin rufi da magudana sai ya haɗa da damina guda cikakkiya, a shigar da shi a manhaja a matsayin layi na daban mai ranarsa, a ce ƙarshen Satumba, kuma a hau rufin a duba kafin a danna amincewa.